Saura Kaɗan, In Ji Oom Gawie

Shekara arba'in Oom Gawie yana narka dalma, yana zuba harsashinsa da kansa a gonarsa da ke yankin Karoo. A da ko dila ya san sunansa. Yanzu diloli na kwashe masa tumaki, shi kuma yana ta harbin iska. Wai harsashin ne bai zauna daidai cikin kwanso ba. Yau ya tura shi ciki da kaurin gashi, gobe ya jawo shi waje.

"Tsoho," in ji matarsa Hester, "hannun da ke zubar maka da gahawa a gemu ne zai auna kaurin gashi?"

"Ke dai, saura kaɗan."

Tumaki tara suka rage. Ya koma teburinsa, ya ƙara tura harsashin cikin kwanso.