Darasin Ƙarshe na Goggo Safara'u

Goggo Safara'u ƙanwar mahaifina ce, kuma a hannunta na tashi. Ta rasu a daminar bara, Allah Ya ji ƙanta. Fiye da shekara ashirin ta yi tana koyar da 'yan aji biyar a wata firamare da ke bayan gari a nan Haɗeja. Har yau in na shiga kasuwa sai wani magidanci ya tsayar da ni ya ce, "Ke ce 'yar Malama mai kankana?"

Sunan ya samo asali ne daga darasin duniyoyi. Ranar da za ta yi shi, sai ta aike ni bakin fadama in sayo kankana, da lemo, da goruba, da magarya. A kan tebur take jera su. Kankana ce Jufita, goruba duniyarmu, magarya kuwa ƙananan duniyoyi irin su Fuluto. Sai ta barbaɗa tsakuwa kewaye da magaryar.

"Dukkansu a mulmule suke, dukkansu rana suke kewayawa," in ji ta. "Amma babbar ta share hanyarta fes. Ƙaramar kuwa cikin cunkoso take tafe, kamar mai amalanke ranar kasuwar Kafin Hausa."

Daga nan yara su karanta shafin darasin a littafi, kowa ya rubuta inda biyun suka yi kama da inda suka bambanta. Sai ta duba rubutunka da idonta kafin ka sami yankan kankana. Ko ɗan hakimi ne kai, in ka yi kuskure, magarya ɗaya ce rabonka.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bayan watanni ta miƙe, magana ta dawo da ɗingishi, ta ce ita fa sai aji. Hedimasta, Malam Badaru, ya zo har gida.

"Malama, ofis na jiran in faɗa musu ko za ki iya. Ki huta mana."

"Ba ni rana ɗaya," ta ce. "Ka zauna ka gani."

Ni na ɗauki farantin su kankana ranar. Malam Badaru ya zauna a bencin baya. Da farko abin ya tafi daidai. Ta ɗaga magarya da hannun hagu, yara suka ce "Fuluto!" Wani ya ce, "Malama, Jufitar bana ta rame," aji ya kwashe da dariya, har da ita. Ni dai ina ta hamdala a zuci.

Aka yi rubutu, aka jeru. Na farko wani Khalid ne, sarkin surutu. Goggo ta karɓi littafinsa ta daɗe tana kallo. Ta kawo shi kusa da ido, ta nesanta shi. Can ta gyaɗa kai, ta nuna mini in yanka masa kankana.

Adila, yarinyar da ke bayansa, ta leƙa. "Malama, ai cewa ya yi Fuluto ta fi Jufita girma!"

Khalid ya ce, "Ina ruwanki, uwar iya? Malama ta ce daidai ne."

Goggo ta sake duba shafin. A lokacin na gane abin da ta ɓoye mana tun daga asibiti: ciwon ya tafi da karatunta. Tana ganin baƙaƙen, amma ba sa ce mata komai. Ashe ta sa rai ne in ta tsaya gaban aji za su dawo.

Malam Badaru ya sunkuyar da kai. Na san shi, da ta yi shiru da zai yi shiru. Amma ta yafito shi da hannu, ta miƙa masa littafin Khalid da jan biro.

"Duba musu," ta ce. "Kar a ba Khalid... sai ya gyara."

Ta zauna gefe har aka gama dubawa, ta tabbatar kowa ya sami rabonsa. Sannan muka hau keke napep muka dawo gida.

Washegari na goge mata hijabin makaranta kamar yadda na saba, na kai mata ɗaki. Ta shafa shi, da ɗuminsa.

"Sakinatu," ta ce, "mayar akwati."