Katangar da Baba ya gina

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata aka haska hoton gidanmu a bango.

A lokacin ina sitaj, wato koyon aiki, a wani ofishin kula da gidajen haya a unguwar Plaine Orety ta Libreville, kuma an ɗauko wani injiniya ya koya wa ma'aikata dokokin gini: tazarar da za a bari tsakanin gida da hanya, girman taga, inda ake haƙa shadda. Ni ce ƙarama a ɗakin, kullum a kujerar baya. Ranar ya zo kan magudanar ruwa, ya ce zai nuna mana misalin abin da doka ta hana. Sai ga katangarmu ta unguwar Derrière la Prison, da igiyar shanyar Inna da shuɗiyar butarmu.

Baba ne ya gina katangar. Daga Damagaram ya zo, kuma a wurinsa gidan da mai wucewa zai hango mata suna wanki bai zama gida ba. Ya ja ta da tsawo ta zagaye tsakar gida, ta bi ta kan lambatun da ke kwashe ruwan unguwa, ya bar 'yar kafa kamar yadda ake yi a can. Amma ruwan Libreville ba na Damagaram ba ne. Duk damina sai ya taru ya shiga ɗakinmu da na maƙwabta.

Injiniyan ya ce irin wannan katanga, da ma'aikatan gunduma sun gani jan fenti za su shafa mata alamar a rushe, wani lokacin har ɗakin da ke jingine da ita ya tafi. Ɗakin Inna ne ke jingine da ita.

"Wane gwani ne ya yi wannan?" in ji wani ma'aikaci. "Ko kifi yake son kiwo?"

Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai, amma na riga na lura da abu guda: daga cikin tsakar gida aka ɗauki hoton. Baƙon namiji ba ya shiga wurin. Ko mai karanta mitar wuta a ƙofa Baba yake tsayar da shi.

Na kasa tambayar injiniyan, don tambayar kanta za ta nuna gidan wa ne. Sai na koma kallon mutane. Matar da ke zaune kusa da ni ta taɓa rage mini hanya har bakin layinmu, na shiga auna duk murmushinta. A gida kuma zargina ya faɗa kan maƙwabciyarmu, 'yar ƙasa, wadda ruwa ya lalata wa katifa bara, tana kuwa shigowa sayen ƙosai wurin Inna. Na daina amsa gaisuwarta da kyau. Duk motar da ta tsaya a layi sai na leƙa ko da bokitin fenti.

Ranar Asabar Baba ya tafi Oloumi ɗaukar kaya, na sami Inna tana surfa wake.

"Inna, ki daina barin maƙwabciyar nan tana shigowa da waya a hannu."

"Me ta yi miki?"

Na faɗa mata komai, har maganar jan fenti. Ba ta daina surfen ba.

"Butar ta fito a hoton?"

"Ta fito."

"Na so in kawar da ita, hannuna da ƙullu." Ta ɗago ta dube ni. "Ni na ɗauka, na ba ta ta kai wa ƙanenta, shi ne injiniyan naku. Tun kina goye nake ce wa babanki ya faɗaɗa kafar nan, yana cewa mace ba ta san gini ba. Jibi mutumin zai zo da kansa ya gaishe shi, su zauna a ƙofa ya nuna masa inda za a fasa. Ke kuma ki dafa musu shayi, kada ki nuna kin san shi."