Ludayin Inna Delu da Bakin Ummi

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidanmu na Tamawa ya sani. Ko tatsuniya ba na iya jira a kai ƙarshenta. Da an idar da sallar isha'i, kakata Inna Delu takan zauna bakin murhu, garwashin tuwo bai gama mutuwa ba, mu jikoki mu kewaye ta. Hannunta ba ya zama haka nan. Ƙananan ludaya take fafewa, ta yi ta goga bakinsu a kan dutse har su yi santsi, mata su zo su karɓa in yaransu sun isa shan kunu.

"Ga tatsuniya nan a bakin ƙofa," sai ta ce, "sai kun yi shiru za ta shigo."

Wai kurciya ce za ta yi tafiya, ta bar wa kura renon ɗanta. A ranar nan, kura ba mugunta ta nufa ba. Ta dama kunu mai kyau, ta ɗauko ludayin da ita take sha da shi. Ɗan kurciya ya ga abu kamar rijiya ya nufo shi, ya datse baki. Kura ta lallashe shi, ta yi tsawa, ya ƙi. Sai ta danne shi, ta toshe masa hanci, ta juye.

"Inna, ki yi sauri mana. Ya sha ko bai sha ba?" na ce.

"Ke dai Hadiza, gaggawa za ta ci ki. Kunu ya shiga, amma ba hanyar ciki ya bi ba. Kurciya ta dawo ta iske ludayi tas, ɗa kuwa ya yi sanyi. Kura da bakinta ta auna. Bakin ɗa ake aunawa."

Haushi na ji a lokacin, na ce tatsuniyar ba daɗi.

Yau ina aure a Dutsin-Ma, 'yata Ummi tana wata bakwai. Zazzaɓin da na yi ya janye mini nono, ita kuma ta ƙi kunu, ta ƙi koko. A asibiti aka ɗora ta kan sikeli, ma'aikaciyar ta ce in ta ƙara raguwa sai an kwantar da ita. Na shiga kasuwa na kwaso kwanukan roba masu hoto, da kofi mai hanci, da fida, kwalbar shayar da jarirai. Amma cokalinmu na ƙarfe na cin shinkafa nake tura mata, don ya fi ɗiba. Sauri nake.

Maƙwabciyata Maman Sadik ta leƙo ta same mu duk muna kuka.

"Maman Ummi, ki daina wahalar da kanki, ki yi mata ɗura. Mu da ita aka rene mu, mun mutu ne?"

Na kwantar da Ummi a cinyata. Yatsuna biyu har sun kai hancinta, sai na dubi hannuna na ga hannun kura. Na ɗaga ta zaune.

Inna Delu ta rasu, ba wanda zai fafe mini ludayi. Na tono ɗan cokalin roba mai taushi da ya zo cikin ɗaya daga kwanukan robar, wanda na raina don ƙanƙantarsa. Na ɗibi kaɗan, na taɓa leɓenta, na tsaya. Ta lasa. Ta kau da kai. Can ta juyo.

Ba ta sha ko rabin kwano ba, ranar komawa awo a asibiti tana matsowa, tsoro kuma bai sake ni ba. Amma ga ni zaune da cokali a hannu, ni da ban taɓa jiran ƙarshen tatsuniya ba, ina jiran baki ya buɗe da kansa.