Abduljalil Tela da Ƙyallen Buɗe Aji

Duk wanda wandonsa ya taɓa yagewa a unguwar PK8 ta birnin Libreville ya san Abduljalil Tela. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, yana bakin titi inda masu taksi suke rigima a kan fasinja, amma har daga unguwar Cocotiers ake aiko masa da kaya. Ba wai ya iya yanka ba ne. In ya ɗinka maka sabuwar riga, sai hannu ɗaya ya girmi ɗaya. Shi dai a ba shi abin da ya yage. Zai bi shi da allura, zare bayan zare, har mai kayan ya rasa inda ɓarnar take, wani ma ya rantse an canza masa.

Ɗan Gezawa ne. A hannun kawunsa ya koyi sana'a, kuma gadon da kawun ya bar masa magana ce ɗaya: ɗinkin da aka gani zagin tela ne. Da ita ya sauka Libreville, babban birnin Gabon, yana saurayi, ya shekara shida yana facin tamfol a tashar jiragen ruwa ta Owendo, sannan ya kama shago, ya auri Rahmatu. Bayan dogon jira Allah ya ba su 'ya ɗaya tilo, Khairat. Shi bai taɓa leƙa ajin boko ba, don haka ya ɗauki lekol, wato makarantar yarinyar nan, da zafi.

A lekol ɗin, yara ɗari da talatin ne a aji guda. Kowa da gwangwanin madararsa yake zuwa ya zauna a kai, masu ƙarfi su kame gaba. Khairat kuwa 'yar firit ce, wurinta yana can ƙurya, bayan wani ginshiƙi. Amma Abduljalil bai damu ba, domin a cikin harabar ga sabon gini nan fari fat, aji huɗu, bencina ko ledarsu ba a cire ba. Ya yi mata alkawari a nan za ta zauna, a sahun gaba.

Shekarar da ta shiga aji ɗaya aka buɗe ginin. Shugaban ilimi na yankin ya zo da jerin motoci, ya yi jawabi a kan gyaran ilimi, ya sa almakashi ya yanke wani ƙyalle mai kore da rawaya da shuɗi, aka tafa. Motoci na ficewa, direktan makarantar, Misye Nzamba, ya garƙame ƙofa da kwaɗo, ya nufo shagon Abduljalil da ƙyallen gida biyu.

"Kayan gwamnati ne," in ji shi. "Da lamba da hatimi ya zo. A takarda ƙyalle ɗaya aka ba ni, ba biyu ba."

Abduljalil ya haɗa shi. Misye Nzamba ya ɗaga a rana, ya juya, ya sake juyawa, bai ga komai ba. Kan tela ya fasu, ya ce ya bar wa makaranta ladan aikin.

Kafin shekara ta zagayo an canza shugaban ilimi. Sabon ya zo da nasa gyaran, gyara kuwa ba ya yiwuwa sai da hoto, hoto sai da ƙofa, ƙofar da ta fi kusa da kwalta kuma ita ce ta PK8. Aka sake buɗe ginin. Na uku ma ya buɗe, na huɗu ya buɗe har da 'yan rawa. Tsakanin buɗewa da buɗewa kwaɗo yana nan, don Misye Nzamba ya ce in yara suka shiga za su ɓata fenti, kuma ba ya yiwuwa babban mutum ya zo ya buɗe abin da ya yi dauɗa.

Ranar da aka kawo ƙyallen karo na huɗu, Khairat tana ajin ƙarshe. Rahmatu ta kawo abincin rana shago, ta tarar da shi yana zura zare yana 'yar waƙarsa.

"Malam, wai kai wa kake tsammanin ya rufe ajin nan?"

"Direkta mana. Shi ke da makulli."

"Shi kwaɗo kawai yake sawa. Su suna yankewa, kai kana mayarwa. Da ɗan gari akan ci gari, wallahi. Saura wata uku yarinyar nan ta gama, har yau a gwangwani take."

Ta ajiye kwanon ta tafi. Abduljalil bai ci abincin ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, domin ya gane cewa duk duniya babu shaidar an taɓa buɗe ginin nan sai a jikin ƙyallen, kuma shi ne ya goge ta da hannunsa.

Ya rufe ido ya bi ƙyallen da ɗan yatsa, ya lalubo tsofaffin ɗinkuna uku da babu mai iya gano su sai shi. Ya ɗauko jan zare mai kauri, na surfani, ya bi kowanne ɓaro-ɓaro, ya haɗa na huɗun da shi, ya kuma ɗinka shekarar kowace buɗewa a gefenta. Yana yi yana neman gafarar kawunsa. Da ya gama ya naɗe shi tsaf, bai miƙa ba sai da safiyar bikin buɗewa na biyar, lokacin da babu halin gyara.

Wannan karon mace aka naɗa shugabar ilimi, kuma takenta shi ne kowa zai yi bayanin aikinsa. Abduljalil ya sa babbar rigarsa, ya nuna wa Rahmatu inda katin izinin zamansa a ƙasar yake, ko da za a wuce da shi daga can. Da aka ɗaura ƙyallen a ƙofa, Misye Nzamba ya jiƙe da gumi sharkaf. Shugabar ta matso da almakashi, ta tsaya, ta gyara tabarau, ta karanta shekarun ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗago kai.

"Wane ne ya yi wannan?"

Abduljalil ya fito.

"Madalla!" in ji ta. "Ga tarihin gyaran ilimi nan kaf a ƙyalle guda. Wannan ai bai kamata a yanka shi ba."

Ta sa aka kwance shi, aka tafi da shi ofis don a sa a gilashi. Aka ɗage buɗewa sai an samo sabon ƙyalle, aka kafa kwamitin nemo shi, aka tafa. Abduljalil ya koma gida da takardar yabo, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka.

Misye Nzamba ya san kwamiti. Ya lissafa ya ga ko da gaggawa ƙyalle ba zai iso ba sai bayan shekara uku, kuma kafin nan damina ta gama da fentin. To wa zai ajiye wa? Ya yi ta juya abin a ransa har sati goma, sannan wata Litinin ya cire kwaɗon, ya gargaɗi yara cewa ginin ba a buɗe yake ba, shiga kawai za su yi. Saura kwana tara jarrabawa.

Ran nan Khairat ta faɗo shago a guje, gwangwaninta a hannu, ta manta ba ta da sauran buƙatarsa. Malaminsu ya jera ƙananan a gaba, ta ce, ita ce ta biyu daga taga.

"To, alhamdulillahi," in ji Abduljalil. "Yaya bencin?"

"Da tauri. Amma Baba, ka san wani abu? Ashe duk abin da malam yake faɗa, yana rubuta shi a allo."

Abduljalil ya dube ta. Shekara biyar kullum sai ya tambaye ta karatu, kullum tana biya masa tiryan-tiryan, bai taɓa sanin da kunne kawai take ɗauka ba. Allurar ta shige masa yatsa, bai ji ba, sai da ta ce, "Baba, jini."