Wuyan Dalma

Har yau idan na ji ƙarar magagari, Iya Delu nake tunawa. Ita ce mahaifiyar babanmu, kuma a gidanmu na Bagauda babu yaron da ke barin gindin murhu bayan tuwon magariba sai ta sallame shi. Kakannin wasu kaɗi suke yi ko ɓarar gyaɗa idan suna tatsuniya. Tamu dalma take gogewa.

Babanmu Sale masunci ne, da fatsa yake kamu. Shi ke narka dalmar tsohon batir a gwangwani, ya zuba a mazubin yumɓu, ta daskare a kan ƙugiya kamar ƙwayar gyaɗa. Kowace tana fitowa da wani ɗan tudu zagaye a bayan kan, muna ce masa wuya. Aikin Iya shi ne ta goge wuyan nan tas, ta ɗaura gashin kaza da zare a gurbinsa. In an bar wuyan, gashin sai ya buɗe kamar lema, kifi ya gani ya kauce. In an goge, ya kwanta luf, ya riƙa lilo a ruwa kamar ɗan kifi. Zare kuma ya rufe wurin, mai kallo ba zai taɓa sanin an cire wani abu ba. Ta hana mu faɗa a waje, kuma wallahi ko ƙawata ban taɓa faɗa wa ba.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai ɗaya da ba a mako ba ta maimaita ba. Sai ta zungura wuta ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, Iya."

Wai an yi wani masunci a bakin wani tafki, shi da ƙanensa. Yayan ya shekara biyu yana sassaƙa mazubin dalma a jikin dutse, har ya dace. Duk inda ya jefa fatsa sai ya ɗago giwan ruwa. Kwatsam ajali ya zo masa. Ranar sadakar uku, matarsa tana takaba da jariri a goye, ƙanen ya shiga ɗaki ya ɗauke mazubin. Ta ce, "Na marayan nan ne fa." Ya ce, "Mace da maraya me za su yi da mazubi? Alkaki za su zuba?" Bai tsaya nan ba, ya je bakin ruwa yana cewa ai shi ya sassaƙa, marigayi aro yake yi.

Idan Iya ta kawo nan, magagarin nan sai ya ƙara sauri har garin dalma ya zubo mata a zane. "Ɗan banza!" za ta ce. "Bai san rabin aikin a ɗakin matar ake yin sa ba."

Ya zuba dalma, ya ɗaura gashi, ya jefa. Shiru. Damina ta wuce, shiru. Ran nan ya lallaɓo ya tsugunna a ƙofar ɗakinta.

"Matar yaya, wai me marigayi yake yi wa abin nan ne?"

"Ka zo da mazubin?"

"Ai yana gida."

"To," in ji ta, "sirrin a wuyan yake."

Nan Iya takan ɗago kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ta yi ƙarya?" Mu ce a'a. Shi kuwa gogan naka ya koma gida ya sa ƙusa ya ƙara ƙwaƙule mazubin, wuya ya ninka kauri. Wai har kifaye ke leƙowa su yi dariya su koma. Matar kuma ashe da ƙugiya ɗaya da ta rage mata a faifai. Ta danna ta a yumɓu ta fitar da sabon mazubi, ta ɓoye har ɗanta ya girma. Mu dai mu yi ta ƙyaƙyatawa. Ita ba ta dariya. Sai ta hure dalmar hannunta ta ce, "Na goge mata wuya, ku tashi."

Na taɓa tambayarta me ya sa matar ba ta yafe ba. Ta ce, "Yafiya? Ke dai da baki kamar na uwarki. Ya dawo da kayan mutane tukuna."

Ina da shekara goma sha huɗu aka aike ni da tuwon salla gidan Baba Tanko, ƙanen kakanmu, wanda masunta ke tsokana da suna Tanko Wuya. A alkukin ɗakinsa na ga wani dutse mai rami biyu, ƙura ta rufe shi. Saura kaɗan kwanon ya suɓuce mini. A ranar na gane dalilin da Iya ke amsa gaisuwarsa da "Lafiya" ɗaya tak, ta ci gaba da abin da take yi.

Da ciwon ajali ya kama ta, na zo daga Ƙafin Maiyaki inda nake aure. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta damƙa mini magagarin. "Ranar da Tanko ya dawo da mazubin, ki nuna masa. Kada ki ce uffan. Ki nuna masa kawai."

Ranar sadakar ukunta Baba Tanko ya shigo, yana dogara sanda, hannunsa na karkarwa. Ya ajiye wani ƙunshin tsumma a gaban babanmu ya ce, "Sale, ga kayan ubanka." Ya tsugunna. Can ya ce, "Don girman Allah, me yake yi wa abin nan?"

Na tashi na ɗauko ƙugiya ɗaya cikin gwangwanin babanmu. Na durƙusa dab da shi saboda idonsa ya yi rauni. Na goga magagari a wuyan sau huɗu, na hure, na ɗora masa a tafin hannu. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Shi ke nan?"

Na gyaɗa kai.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a ci kayan maraya, kuma haka ne. Amma ba don wa'azi Iya take maimaita ta ba. Ajiye fushinta take yi a cikinmu don kada ya mutu tare da ita, kuma ni ce na ɗauka. Mata da yawa a gidan makokin sun ce ban kyauta ba, tsoho ne. Na sha yin istigfari a kai. Sai dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba: da na ga yana kallon hannuwan nan nasa da ba za su ƙara riƙe fatsa ba, sanyi na ji har cikin raina.

Mazubin yana ɗakina yanzu. Ba ya moruwa, ƙusa ta gama da shi. Shekara da shekaru mutumin nan ya yi yana ƙara wa abin da ake cirewa kauri.