Kafar Iskar da Na Ƙi Ɗinkewa

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da Rukayya ta shigo mana shago da tanti a ƙarƙashin mayafinta. Ku da kuka zo aikin nan a bayana, ku bar keken ɗinkin ya huta ku saurara, don abin ya shafi hannunku.

A watan Nuwamba ne na shekarar da aka yi ƙwallon duniya a ƙasar nan ta Larabawa. Garin nan ya cika ya batse, ga lokacin fita sahara ya kama, Larabawa sai kawo manyan tantunansu gyara suke. Shagonmu na Abu Hamour kun san tsarinsa: gaba ana sayarwa, baya ana ɗinki. Kafil, wato Balaraben da ke da shagon, ba ya zama. Mai kula da mu Usta Karim ne, mutumin duwatsun Pakistan, kuma dokarsa ita ce allura ba ta taɓa tantin kowa sai ya gani ya yarda. Ni ce babbar mai ɗinki. Ban yi boko ba, amma tun da marigayi maigidana ya kawo ni ƙasar nan ya ɗora ni a keke, ba a taɓa dawo da ɗinkina an ce ya yi yoyo ba.

Rukayya matar Injiniya Bashir ce, Bakatsine mai aikin iskar gas, a Mesaimeer suke zaune. A shekarar korona cutar ta kwantar da shi, har aka sa masa na'urar numfashi, ita kuma tana da tsohon ciki. An rufe hanya, mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba, da ta haifi Amira ni na yi mata wankan jego. Tun daga nan take ce min Inna, shi ma haka.

Kafin zuwanta da 'yan kwanaki shi Bashir ya zo sayen tantin. Wani Balarabe abokin aikinsa ya gayyace shi farautar awakin dutse a wata ƙasa mai ƙanƙara can arewa, inda mota ba ta hawa, kowa sai ya goyi ɗakinsa da abincinsa.

Ya ce, "Inna, wanda zan miƙe tsaye a ciki in yi salla nake so."

Na ce, "Kai da ledar cefane ma sai ka huta da ita a bakin ƙofa, masallaci za ka goya ka hau dutse?"

Ya yi dariya har da tari. Usta ya fito da guda uku ya kafa. Dogon, Usta ya ce a manta da shi: ga nauyi, ga shi iskar dutse na samunsa za ta yi gaba da shi. Na biyun ba nauyi ko kaɗan, amma cikinsa raga ce, na zafi ne, garin ƙanƙara zai bi ta ragar ya lulluɓe mutum. Na ukun gajere ne, riɓi biyu, sandunansa sun gitta juna a sama don kada ƙanƙara ta danne shi, kuma a naɗe bai fi kwanon gero nauyi ba. Bashir ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan kamar mai tayin rago, ya ɗauki na ukun. Ya ce in iska ta kwanta ya yi sallarsa a waje, in ta tashi addini ya san lalura.

Shi ne tantin da Rukayya ta dawo da shi. Ta warware shi a kan teburina ta nuna min wasu kafofi biyu can sama, kowace da ɗan murfinta.

Ta ce, "Inna, ki toshe min waɗannan. Tun da aka sallamo Baban Amira ƙirjinsa bai koma daidai ba, esi mai sanyaya ɗaki ma tari take sa shi. Na hana shi tafiyar ya ƙi. To aƙalla kada ya kwana sanyi na zubo masa a ka."

Maganarta ta shige ni, don haka muka tashi. A gida in sanyi ya sauka, tsumma ake cusawa a kowace kafa, a shigo da kaskon wuta, a ja ƙofa. Na ɗauki tantin na kai wa Usta yadda doka ta ce. Ya ajiye almakashi, ya daɗe yana kallon kafofin. Sannan da Larabcinmu na shago ya ce min, "Hajiya, wannan hancin tanti ne." Ya ce yadin ba kamar bangon ƙasa ba ne, ba ya shan iska. In aka toshe, numfashin mutum zai taru ya jiƙa bargo, bargon ya daskare a jikinsa. Wannan ma mai sauƙi ne. Duk wanda sanyi ya matsa wa sai ya kunna ɗan rishon shayi a ciki, ko ya rantse ba zai yi ba. Ya ce a ƙauyensu ƙanensa da wani makiyayi sun toshe nasu, suka shigar da garwashi. Da safe aka same su kwance lafiya lau kamar masu barci. Shi ya yi wa ƙanen wankan gawa. Ya ɗauki almakashinsa ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ba a shagon nan ba."

Na koma na faɗa wa Rukayya duka. Ta ce, "Shi me ya sani game da ƙirjin mijina? Ki yi min a gida, Inna, ba wanda zai ji."

Na ce, "'Yata, kin manta ranakun da muke zaune ni da ke muna roƙon Allah Ya ba shi iska ko ta cikin roba? Yau kuma ni zan sa hannuna in ɗinke masa ita? Ba zan yi ba."

Ta ce, "Allura dai ba a shagonku kaɗai take ba." Ta naɗe tantin ta fita ba sallama.

Nan hankalina ya tashi. Kai ƙarar mace wurin mijinta ba halina ba ne, ban kuwa iya yin shiru ba. Na kira Bashir na ce ya kafa tantin ya duba kafin ya tashi, kafofin saman nan kuma ya bar su a buɗe kome sanyi. Ya ce, "Inna, Rukayya ta riga ta ɗaure kaya, wa ya isa ya kwance?" Ya yi dariya, wai ana jiransa a ofis. Ya tafi farautar, can kuwa waya ba ta shiga. Gari na ta ihun ƙwallo, ni ina kan keke ban san abin da ya goya ba. Na kira Rukayya ba ta ɗauka ba.

Sai bayan an gama ƙwallon ta shigo, goye da Amira, ta ajiye tantin ta ce zif ya lalace. Na ce, "Mai tantin fa?" Ta ce yana gida, ko akuya ɗaya bai harbo ba, sai leɓe da ya fashe masa. Na warware yadin, hannuna ya tafi sama. Kafofin a buɗe suke. Amma a bakin ɗaya na ji ramukan allura a jere, an yi ɗinki an farke.

Ta ga na gani. Ta ce, "Na kai rabi, Inna. Sai ya yi tari a ɗaki, irin tarin nan na asibiti." Na ja mata kujera, na gyara zif ɗin, na bi ramukan da gam don kada su yi yoyo.

To abin da nake so ku riƙe ke nan. Mai kawo mana aiki ba yadi kaɗai yake kawowa ba, da tsoronsa yake zuwa, kuma aikin da zai yi kisa ba maƙiyi ke kawo shi ba, wanda ya fi kowa son mai tantin ne. Kafin ku toshe kafa ku tambayi abin da ya sa aka bar ta. In amsar ta ce kada a ɗinka, ku ce a'a, ko da wadda ke tsaye a gabanku ku kuka yi mata wankan jego.