Jar Motar Da Na Karɓa A Madadin Ta Baffana

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun farko na Jihar Kebbi ni saurayi ne da bai daɗe da kammala jami'a ba, aka tura ni Maiyama a matsayin malamin gona. Ina cikin mutanen nan da ba sa son a kama su da kuskure, a rubuce ko a baki, kuma halin bai sake ni ba har yau, saboda haka duk inda ban tabbatar da abu ba a labarin nan zan faɗa. Baffana, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni a Mungadi tun ina ƙarami, shi ya ba ni motarsa da na kama aiki. Doguwa ce mai faɗin baya, mai shan gas, wato man dizal. Ba ta da gudu, ƙararta kamar ana daka a turmi, amma idan aka cika mata tanki sai mutum ya manta hanyar gidan mai. Akwai kuma wata al'ada da ta biyo ta tun tana hannun Baffa. Duk ranar da ta shiga Mungadi, maƙwabcinsa mai injin niƙa yakan ɗebo gas daga durom ɗinsa ya zuba mata ba tare da ya tambayi kowa ba, domin Baffa ne ya ba shi filin da ya kafa injin. Da motar ta dawo hannuna bai fasa ba.

Abin da ya ɓata mini rai da ita baki ne. Abokan aikina, waɗanda akasarinsu daga Sakkwato aka dawo da su, kullum na iso ofis sai su tambaye ni ko nawa nake niƙa tiyar dawa, saboda ƙarar motar. Ina dariya, amma abin yana cina. Ana haka na ga wata jar mota a Jega, wurin wani mahauci mai fataucin raguna. Ta girmi tawa a shekaru, amma gajeriya ce mai kwanciya da ƙasa, mai shan fetur, idan aka taka ta sai ta zabura kamar doki. Shi kuma mota yake nema mai baya da ƙarancin shan mai, saboda yawon kasuwannin ƙauye. Dole in yi masa adalci: bai ɓoye mini komai ba. Ya ce mini motar nan ta samari ce, tana shan fetur kamar raƙumin da ya fito daga daji, kuma in je in yi shawara da manya tukuna. Na ce masa na gama nazarina. Ya yi dariya ya ce to, ɗan boko ya yi nazari, wa zai ja? Muka yi musaya a gaban shaidu, ban sanar da Baffa ba.

Ba a jima ba aka shiga wahalar fetur. Ban tuna watan ba, amma na tabbata bazara ce, domin an gama cire albasa. Na daina zuwa Mungadi, ina cewa rashin mai ne, alhali kunyar haɗa ido da Baffa ce ta fi yawa. Da abin ya yi tsawo sai na samu ɗan fetur a hannun 'yan bumburutu na tafi da safe. Na ajiye motar a bayan masallaci inda ba za a hango ta daga zaure ba, na ƙarasa da ƙafa. Mun gaisa, bai tambaye ni mota ba, ni ma ban ɗauko zancen ba. A lokacin na ɗauka tunda ban furta ƙarya ba, ban yi laifi ba.

Kafin azahar Baffa ya hau rumbu zai ɗebo gero, tsani ya karye da shi, ƙafarsa ta karye a ƙwauri. Duk wanda ya san yankinmu ya san ba a shawara a irin wannan, Aliero ake nufa wurin masu ɗori, kuma ana son a isa kafin ƙafa ta kumbura. Na ruga na kawo motar. Nan na fara ganin abin da na yi, domin kujerar baya ta kasa ɗaukar mutum a miƙe, sai da aka lanƙwasa shi yana cije baki, wani ƙaninsa yana riƙe da ƙafar. Ba mu yi nisa da gari ba motar ta fara tari, ta fitar da farin hayaƙi mai kauri, ta mutu. Na buɗe tanki na shinshina, sai warin gas. Mai injin niƙa ya ga inda na ajiye ta, ya yi alherin da ya saba, kuma ba wanda ya gaya masa wannan ba ta shan abin da waccan ke sha. Wanda ya kamata ya gaya masa ni ne.

Mun kwantar da Baffa a ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Saboda rashin fetur hanya ta yi tsit, daga mai keke sai mai jaki. Ina kallon ƙafar tana hawa, ina tuna abin da na sha ji, cewa karayar da ta daɗe ba a ɗaure ba kan bar mutum da gurgunta. Na durƙusa zan ba shi haƙuri sai ya tare ni. Ya ce labarin musayar ya iso masa tun makon da aka yi ta, domin kasuwar Jega ba ta riƙe sirri, ya yi shiru ne yana jiran in faɗa da bakina. Sannan ya tambaye ni, yana gumi, ko ita wannan jar tawa azumi take yi da ta kwanta da tsakar rana. Ban iya dariya ba.

Can wajen la'asar na ji wata ƙara daga nesa, kamar ana daka a turmi. Na gane ta kafin in gan ta. Mahaucin ne yake dawowa daga kasuwar ƙauye, bayan motar cike da raguna. Ya tsaya, ya dubi ƙafar, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya sauke ragunan ya ɗaure su a jikin bedin, ya share bayan motar, ya shimfiɗa babbar rigarsa, muka kwantar da Baffa a miƙe. Da na yunƙura zan shiga sai ya ce a'a, babu wuri, malamin gona ya zauna ya yi nazarin raguna har ya dawo, kuma kada in bari ɗaya ya ci igiya. Haka na ƙarasa wunin a bakin hanya da takardar digirina a ka, ina gadin dabbobin mutumin da na ɗauka na fi shi wayo a ciniki. Ban taɓa yin aikin da na yi da godiya kamar wannan ba.

An ɗaure ƙafar a Aliero a ranar. Mai ɗorin ya ce sun iso a kan gaɓa. Ba zan ƙara gishiri in ce da an yanke ƙafar ba, domin bai faɗi haka ba, kuma ni ba likita ba ne. Abin da na sani shi ne Baffa ya tashi ya yi tafiya, da ɗan ɗingishi da bai rabu da shi ba. Mai injin niƙa ya zo dubiya yana hawaye yana cewa shi ya jawo, na ce masa a gaban jama'a hannunsa ne ya zuba, amma shiruna ne ya buɗe tankin. Mahaucin kuwa ya ce a warware musayar in karɓi motar gidanmu. Baffa ya ƙi. Ya ce ciniki ya faɗa a gaban shaidu, kuma motar ta samu wanda ya san darajarta. Daga baya na sayar da jar, na sayi babur.

Abin da nake so matasa masu fara aiki su ɗauka shi ne, kada dariyar abokai ta sa ku rabu da abin da ke muku aiki. Idan kuma kun sauya wani abu da ya shafi mutanenku, ku faɗa musu, domin su a kan abin da suka sani suke yi muku alheri. Ina gode wa Allah da ya sa kuskurena ya tsaya a ɗingishi. Har Baffa ya rasu, mahaucin nan bai wuce Mungadi bai tsaya ba, kuma mai injin niƙa bai fasa zuba wa motar Baffan gas ba. Da an ji ƙarar nan daga bakin gari sai Baffa ya laluɓi sandarsa ya ce a shimfiɗa tabarma, ɗansa na Jega ya iso.